Barin tuwo ko shiga ƙungiya: wacce za ta riƙe mai son rage ƙiba a Damagaram?

Duk wanda ya ɗaura niyyar rage ƙiba a garin nan, shawara biyu ce za ta fi cika masa kunne. Wasu za su ce ya bar tuwo da shinkafa da fura da burodi, ya koma nama da ƙwai da ganye, wato tsarin rage sitaci, wanda mai tsananinsa ake kira keto. Wasu kuma za su ce ya nemi masu irin damuwarsa su haɗa ƙungiya, su riƙa hawa sikeli tare duk mako, suna tattaki, suna sa wa juna ido. Kowane ɓangare na da wanda zai nuna maka: ga wance ta sauke kilo goma, ga wane tumbinsa ya tafi. Kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai hanyar farko abin da za ka ci take tsara maka, ta biyu kuwa aikinta ta hana ka gajiya ka watsar. A Damagaram, inda gida guda tukunya guda, zaɓi tsakaninsu ya rataya ne ga wanda ke riƙe da muciya da wanda ke fitar da kuɗin cefane.

Kafin a kai nan ma, a tabbata akwai abin ragewa. Tef ɗin awo na tela ya isa. A auna tsayi, a auna ciki wajen cibiya, in awon cikin ya haura rabin tsayin to kitsen ya fara taruwa inda yake cutarwa. Mai tsayin santimita 160, cikinta kada ya wuce 80. Likitoci kuma suna raba nauyi da tsayi sau tsayi: mai kilo 80 da tsayin mita 1.60 lissafinta zai ba da 31, alhali daga 25 ake cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce ta sosai. Na kawo wannan ne don mun taso muna kallon ƙiba a matsayin shaidar hutu da samun miji mai kula, har yau akwai masu shan ƙwayoyin buɗe ciki don su yi jiki, ga kuma ƴan mata da ba su da komai a jika suna neman ramewa saboda hotunan da suke gani a waya. Awo ne ke raba gardama.

Tsarin rage sitaci ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Wani Bature mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya wallafa labarin yadda ya rame da barin burodi da sukari da dankali tun 1863. A 1921 likitoci a Amurka suka fara amfani da keto don yaran da ke da farfaɗiya, sai a 1972 Dakta Robert Atkins ya mayar da shi abin yayi ga masu ƙiba. Hikimarsa ba ta da wuyar ganewa. Duk abin da yake sitaci, hatsi ne ko dawa ko masara ko shinkafa ko rogo, in ya shiga ciki sukari yake komawa. Sukarin ya hau jini, jiki ya saki insulin don ya kwashe shi, abin da aka ƙona an ƙona, saura a adana. In ka rage sitacin ƙwarai sai jiki ya koma ƙona kitse. Ga shi kuma nama da ƙwai da wake suna daɗewa a ciki, mutum ba ya saurin jin yunwa, sai ya tarar ya rage ci ba tare da ya ƙirga loma ba. Wannan ƙoshin shi ne babban ƙarfin tsarin, ya fi duk wani bayani mai sarƙaƙiya da ake yi a kansa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne makon farko. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, abin da ya kai giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram na riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ka yanke sitaci, ajiyar nan ce ke fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari. Sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi cikin kwana bakwai, mutum ya yi ta murna yana tura hoto, alhali yawancinsa ruwa ne. Ranar da aka yi bikin suna ya ci shinkafa da waina, washegari kilo guda ko fiye ya dawo, sai ya ce tsarin ya lalace. Kitse bai tafi da wannan saurin ba, bai kuma dawo da shi ba.

Yanzu mu zo ga kwanonmu. Keto na son sitacin yini kada ya wuce giram 50, matakin farko na Atkins ma giram 20 ne. Mai sassauci, wanda shi ma ana lissafa shi cikin rage sitaci, yana tsayawa ƙasa da giram 130. To giram 100 na hatsi busasshe na ɗauke da sitaci wajen giram 70, shinkafa ta kusa 80. Ke nan malmalar tuwo guda mai kyau ta cinye kason keto na yini ɗungurungum, ba a zo ga kokon safe ba, ba a zo ga furar rana ba. Rabin sandar burodi ya kai giram 50. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 na da sukari giram 35. Dabino kusan kashi biyu cikin ukunsa sukari ne. Ko wake, da muke ganin abincin gina jiki ne, sitacin busasshensa ya kai giram 60 cikin 100, duk da cewa furotin da dusar da ke cikinsa na sa shi hawa jini a hankali. Ɗan wake, dambu, alkaki, fanke, taliya, maka, kunu, garin rogo, duk keto ya soke su. In an faɗi gaskiya, ya soke abincin Bahaushe ne daga karin kumallo har na dare.

Ba wai babu abin da ya rage ba. Muna da sa'a ta wani fannin: zogale, yakuwa, rama, kuɓewa, kabeji, salati, gurji, yalo, awara, cuku, nono marar sukari, ƙwan zabi da damina, kifi, balangu, ga fara wadda kowa ya san Damagaram da ita, kuma cike take da furotin. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai biyu abinci ne da babu likitan da zai kushe shi, muddin mai kwaɗon ba ta barbaɗa masa sukari ko garin rogo ba. Amma ganyen lambu lokacinsa ɗari ne, sa'ad da kayan Mirya da Gidimuni ke cika Kasuwar Dole. Da bazara ta kama sai ya yi tsada ya yi wuyar samu. Nama kuwa ba shi da lokacin araha. Kuɗin da zai sayi tiyar hatsi ta ciyar da gida, in ka miƙa wa mahauci, abin da zai yanko maka bai wuce cin mutum ɗaya ko biyu ba. Gyaɗa ma da mutane ke fakewa da ita, rabinta mai ne, giram 100 ya haura kalori 550 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ana iya zama ana ɓarza ana hira a cinye abin da ya fi kwanon tuwo.

Kuɗi ma da sauƙi a kan zaman gida. Ɗauki matar da ke aure a babban gida cikin Birni. An sauke tuwo bayan magariba, an zuba wa kowa, ita ta ɗebi miya zalla ta haɗa da ganye. Uwar miji ta leƙa kwanon.

"Ƴar nan, lafiya? Tuwon ne bai yi miki ba?"

"A'a Inna, ya yi. Ragewa nake ɗan yi."

"Ragewa? Ki rame mutane su ce ɗana ba ya ciyar da ke? Sa hannu ki ci, don Allah."

Wannan in ranar girkinta ce ke nan. In girkin abokiyar zama ne ta mayar da tuwo ba ta taɓa ba, maganar ta tashi daga ta abinci ta koma wata daban, kuma kowa ya san fassarar da za a yi mata. Namiji ma bai tsira ba. Mai gida da ya ce a riƙa soya masa ƙwai da nama shi kaɗai yara na kallo da tuwon miyar kuka, ba zai daɗe yana jin daɗin lomar ba. Mutane da yawa da suka bar keto ba yunwa ce ta kore su ba, wannan ce.

Sai zafi. Rage sitaci na sa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri, shi ya sa kwanakin farko ake fama da ciwon kai, jiri, kasala, ɗaurewar ƙafa da dare, taurin bayan gida da warin baki. A ƙasar sanyi wannan ɗan wahala ne na mako guda ko biyu. A nan, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ga garin da ko ruwan sha sai an yi dabara, abu ne da zai iya kayar da mutum a tsakiyar kasuwa. Wanda ya nace sai ya gwada, ya bari sai sanyi ya shigo.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su fara shi da ra'ayin kansu ba ko kaɗan. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya yanke tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini shi ma awonsa na iya sauka fiye da kima. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, da yaro mai tasowa, ba nasu ba ne. Abin da ya sa maganar ke da ɗaure kai shi ne masu ciwon sukarin nan su ne suka fi kowa cin moriyar rage sitaci: ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa cikin dabarun abinci, rage sitaci ne ya fi samun hujja wajen daidaita sukarin jini. Don haka su yi, amma da sanin likitan da ya rubuta musu magani, da na'urar awo a kusa. Wanda kuma ya mayar da tsarin lasisin shan man shanu da cin kitse, ya sani wasu kolastarol ɗinsu, wato kitsen cikin jini, na hawa sosai a kansa.

To bayan duk wannan wahala, ya fi sauran hanyoyi sauke nauyi? A watannin farko yakan ɗan yi gaba. In aka kai shekara sai tazarar ta kusa ɓacewa. Jami'ar Stanford ta gwada mutum 609 na tsawon wata 12, aka fitar da sakamakon a 2018: waɗanda suka rage sitaci sun sauke kilo 6.0 a matsakaici, waɗanda suka rage mai kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kira shi bambanci ba. A kowane rukuni an sami wanda ya sauke fiye da kilo 20, an kuma sami wanda ya ƙara nauyi.

Ita ƙungiya kuwa, ɗaya daga cikin sanannunta ma daga ɗakin wata mata ta fito. Jean Nidetch, matar aure a unguwar Queens ta birnin New York, ta gaji da ramewa tana komawa, sai a 1961 ta fara tara ƙawayenta masu ƙiba a gidanta duk mako suna faɗa wa juna gaskiyar abin da suka ci. A 1963 abin ya zama kamfanin Weight Watchers. A Ingila aka kafa Slimming World a 1969 bisa kusan wannan tsari. Ana biyan kuɗi, ana zuwa taro mako-mako, a hau sikeli, a rubuta, a tattauna. Ba a haramta wani abinci, ana dai koya maka ƙiyasta shi. An gwada wannan ma. A wani bincike na 2011 da ya haɗa mutum 772 a Ingila da Jamus da Ostareliya, waɗanda aka tura ƙungiya sun sauke kilo 5.1 a shekara, waɗanda aka bar su da shawarar asibiti kawai kilo 2.3. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, a riƙe wannan a zuciya. Wani na 2017 a Ingila, mai mutum sama da 1,200, ya fi burge ni, don ya nuna tsawon zama ne ke aiki: waɗanda aka ba takardar bayani kawai sun sauke kilo 3.3, masu zuwa taro na mako 12 kilo 4.8, masu mako 52 kilo 6.8. (Shi Weight Watchers ɗin a watan Mayun 2025 sai da ya kai kansa kotu saboda bashi, daidai lokacin da allurar rage ƙiba ta janye masa kasuwa a Amurka. Wannan matsalar kamfani ce, ba ta taɓa dabarar ba.)

Mu ba ma buƙatar kamfani ya koya mana wannan. Adashe ke nan aka sauya masa kaya. Mace ta san in ita kaɗai ce ba za ta iya ajiye jaka guda duk mako ba, kuɗin zai bi cefane, amma da yake uwar adashe na jira kuma ƴan'uwa za su ji in ta yi fashi, sai ta nemo. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya, a kan wannan ya tsaya. Ƙungiyar rage ƙiba ita ma da kunyar ido take aiki. Ranar Laraba ka ga fanke mai zafi, ka tuna Asabar za a hau sikeli, sai ka wuce.

Tana da wasu fa'idodi da suka dace da zamanmu. Ba ta raba ka da tukunyar gida: tuwon da kowa ya ci shi za ki ci, malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su fi yawa, ba wanda zai ce kin ƙi girkinsa. Ba ta ƙara kuɗin cefane, sikeli guda ya ishi mutum goma. Sannan tattaki. Matar aure ita kaɗai ta fito bayan asuba tana sauri a bakin titi, kafin hantsi an kai labari gidansu. Su shida da hijabansu kuwa ba mai cewa komai, mazan ma sun fi sakin jiki su ba da izini. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, rabin awa sau biyar ke nan. Kada dai a ɗora wa tattakin abin da ba zai iya ba. Awa guda ta tafiya da sauri abin da take ƙonawa bai wuce kalori 250 zuwa 300 ba, lemun kwalba ɗaya da fanke biyu sun mayar da shi. Amfaninsa ya fi yawa ga zuciya da sukarin jini da hana nauyin dawowa.

Inda ƙungiya ke lalacewa ma a fili yake. Mu ba mu iya taro ba ci ba. A fara da niyyar awo, mako na uku mai masaukin ta ce ba za a zo gidanta a tashi haka ba, ta kawo zoɓo mai sukari da cincin, ta gaba kuma ta ce ba za a fi ta ba. Na biyu, nauyin mutum sirrinsa ne, in ya fita daga ɗakin ya shiga unguwa, wadda aka yi da ita ba za ta sake zuwa ba, kuma galibi ita ce ta fi kowa buƙata. Na uku gasa: da an fara tafa wa wadda ta fi sauke kilo, sai a sami mai kwana da yunwa ranar jajibirin awo. Kunyar da ke riƙe mutum ita ce kuma ke korarsa ranar da ya san ya ƙaru.

Mafi muni su ne ƙungiyoyin WhatsApp da mai kaya ta buɗe. Alamarsu ɗaya ce, duk tambayar da aka yi amsarta na ƙarewa da "akwai shayinmu". Da yawa daga shayin rage tumbi filasko ne a ciki, wankin ciki kawai yake yi, ruwa ya fita sikeli ya sauka, kitse na nan inda yake, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Ƙwayoyin da ake cewa na ganye ne zalla, hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gano sibutramine a ɓoye cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ƙungiyar da shugabarta ke sayar da wani abu kasuwa ce. Wadda kuma babu mai ilimin lafiya ko ɗaya da take tuntuɓa, ko malamar asibiti ce ta unguwa, jita-jita za ta riƙa juyawa: yau a ce ruwan zafi da lemun tsami na narkar da kitse, gobe a ce kada a ci komai bayan la'asar.

Maza su suna da ƙungiyarsu tun tuni, ita ce ma ke ƙara musu tumbin. Zauna a kowace fada a Zango ko Sabon Gari bayan isha ka kalli mai dafa shayi. Ba da cokali yake zuba sukari ba, da ɗan kofin shayin yake aunawa, ya cika shi ya juye a buta, ya ɗaga sama ya yi ta zubawa har kumfa ta tashi. Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku wanda kusan ruwan sukari ne. Wani ya aika yaro ya sayo burodi da tsire. Wanda ke zama fada biyu a yini, ga shayin madara na safe wurin mai tebur, ya wuce giram 50 na sukari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyaka, balle giram 25 da ta ce ya fi. Sannan ya hau babur ko kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai shi cikin minti goma. Irin wannan mutum bai buƙatar keto tukuna. In ƴan fadar suka yarda a raba sukarin biyu, harshe na sabawa cikin ƴan makonni. Shi kaɗai kuwa ba zai iya ba, don buta ɗaya ce. Ka ce "Malam, rage mini sukari" a yi maka dariya a miƙo maka kofi.

An taɓa haɗa hanyoyin biyu gaba da gaba. A birnin Boston aka raba mutum 160 gida huɗu, kowane rukuni 40, aka fitar da sakamako a 2005. Bayan shekara, rukunin Atkins sun sauke kilo 2.1, na tsarin Weight Watchers kilo 3.0, sauran tsare-tsaren biyu ma duk nan wajen kilo 3 suka tsaya. Cikin 40 na Atkins, 21 ne suka kai ƙarshe, na Weight Watchers 26. Abin da ya bambanta wanda ya rame da wanda bai rame ba shi ne yawan riƙon da ya yi wa tsarin, ko wanne aka ba shi. Waɗannan fa mutane ne da kowa ke da firjinsa da tukunyarsa.

Saboda haka ni a ganina, mai cin tukunyar gida, wanda shi ne mafi yawanmu, ƙungiya ta fi masa, amma ƙungiyar ta ari rabin hikimar rage sitaci. A fara da abin da ba a taunawa: sukarin shayi, lemun kwalba, zoɓo da kunu masu zaƙi, sukarin da ake zuba wa fura. Furar kanta ba sai an bar ta ba, a dama ta da nono mai yawa, dunƙule ɗaya, ba sukari, kuma a ɗauke ta a matsayin abincin rana cikakke, kada a sha ta a kan shinkafa. Sai burodi da fanke na safe su koma ƙwai ko ƙosai ko awara. Sai tuwon dare ya ragu, miya ta ƙaru. A shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar, man da ake kwararawa a kai kuma a auna shi da cokali, don babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Wanda ya yi wannan ya rage sitacinsa sosai ba tare da ya ce wa kowa ya bar tuwo ba.

Keto mai tsanani na bar wa mutum iri biyu. Na farko wanda ke da ikon tukunyarsa da aljihunsa: ma'aikacin da aka turo aiki yana zaune shi kaɗai, ko matar da gidanta daga ita sai mijinta kuma ya goyi baya. Na biyu wanda sukarinsa ya fara hawa, likita na biye da shi. Akwai kuma masu halin da "kaɗan" ba ta yi musu aiki, in sun taɓa loma ɗaya sai sun ga ƙarshen kwano, irin waɗannan dokar "ban ci ba sam" ta fi musu sauƙi a kan "rage". Su ma ya kamata tun ranar farawa su san abin da za su koma ci bayan wata uku ko shida, don ba wanda zai ƙare rayuwarsa a Damagaram bai sake shan fura ba. Wanda kuma ba ya son a san sirrinsa, ko ya san unguwarsu da tsegumi, mutum ɗaya amintacce ya ishe shi ƙungiya, ko ƴar'uwa ce ko aboki.

In za a kafa ta, kada a wuce mutum takwas zuwa goma. Awo sau ɗaya a mako, da safe kafin a karya, a sikeli ɗaya, mutum ɗaya ce ke gani ta rubuta, ba a shelanta lambar kowa. Ba a kawo komai sai ruwa. Ba a sayar da komai. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Kuma a sa buri mai yiwuwa: wani babban bincike a Amurka mai mutum 3,234, da aka wallafa a 2002, ya nuna masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tattakin minti 150 a mako, haɗarin ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ke nan, abin da uwar miji ma ba lallai ta lura ba.

A kuma shirya wa dawowar nauyi, don yana dawowa a kowace hanya. A binciken Ingila na 2017, masu mako 52 da suka sauke kilo 6.8, a ƙarshen shekara ta biyu 4.3 ya rage musu. A nan wuraren da ake zamewa sanannu ne: watan azumi, da ake buɗe baki da kunu da zoɓo da soye-soye sannan a bi da tuwo, sai Sallah, sai jerin bukukuwan bayan kaka. Kada ƙungiya ta tafi hutu a waɗannan lokutan, ko da awon zai koma bayan tarawihi ko sau ɗaya a mako biyu. Mai keto kuma kada ya fara shi cikin azumi, musamman in azumin ya faɗo a zafi. Wanda ya riga ya saba da shi ya ƙara ruwa tsakanin buɗe baki da sahur, mai shan maganin sukari kuma ya je a duba masa adadin maganin tun cikin Sha'aban.